Hukuncin Wutar Zongon Lome Cikin Daƙiƙu Kaɗan

Mazaunin Zongon Lome, unguwar da hukuma ta tayar daga tsakiyar birni a 1977 ta mayar arewa wajen Agoè, idan wuta ta ɗauke bayan magariba, tela yana tsakar ɗinki, mai ƙanƙara yana lissafin asara, galibi kamfanin wutar lantarki na Togo, CEET, yake ɗora wa laifi, alhali kuwa wani lokaci asalin al'amarin yana wata ƙasa, kuma an gama yanke hukuncinsa tun kafin mutum ya ɗaga kai ya dubi fitila.

Dalili shi ne, wutar Togo ba daga tushe ɗaya take fitowa ba. Hukumar CEB, wadda Togo da Dahomey (Benin ta yau) suka kafa a 1968, tana jawo ta daga madatsar Akosombo ta Gana, sannan ga madatsar Nangbeto a kan kogin Mono mai megawat 65, ga tashar ContourGlobal ta Lome mai megawat 100. Kuma duk injinan da ke haɗe a layi ɗaya wajibi ne su yi juyi bai ɗaya, a kan bugu 50 cikin daƙiƙa, kamar mata masu lugude a turmi guda, waɗanda da zarar ɗaya ta saɓa sai taɓare su yi karo. To, idan tsawa ta faɗa wa babban layi, ko wani inji ya mutu bagatatan, sauran sukan shiga tangaɗi, imma su daidaita, imma kowane ya katse kansa domin tsira, ƙasa ta auka cikin duhu.

Ilmin da ake buƙata a nan shi ne sanin wanne daga cikin biyun zai kasance, tun tangaɗin bai ƙare ba. Tsofaffin na'urorin ɗakin lura sai bayan daƙiƙu suke kawo labari, wanda a wannan babi jinkiri ne mai halakarwa. Amma a 1988 masana a Bajiniya ta Amurka suka ƙera ma'auni mai karɓar lokaci daga tauraron GPS, yana aiko da ƙarfin wuta da tazarar bugu da ke tsakanin tasha da tasha sau gomomi cikin daƙiƙa, kwamfuta kuwa tana ƙiyasta abin da ta gani da dubban hatsarorin da aka riga aka jarraba mata. Wanda yake shakkar fa'idar wannan ya tuna 14 ga Agusta 2003, ranar da ƙararrawar wani ɗakin lura a Ohayo ta yi shiru, mutum wajen miliyan 50 suka rasa wuta a Amurka da Kanada.

Idan alamu suka nuna rushewa, sai a yanke wa wasu unguwanni wuta domin saura su tsira, abin da malaman fiƙihu za su kira ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Ban ga aibin hukuncin ba. Aibi yana ga barin jama'a ba bayani, da maimaita shi a kan unguwa ɗaya.

Wutar Nijeriya kuwa, da ke shigowa ta layin Ikeja zuwa Sakete ta Benin tun 2007, shekaru aka yi ana raba ta da ta Gana saboda bugunta ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma daidaita su yana cikin manyan ayyukan cibiyar lura ta ƙasashen ECOWAS da aka buɗe a Abomey-Calavi a 2023.