Tufafin Farauta a Lokacin Hunturu: Abin Dubawa a Gwanjon Kayan Soja

Farauta a kudancin Jihar Katsina sana'ar rani ce. Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, mafarautan Ruwan Godiya da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sukan fara shiri, shirin kuma yakan zo daidai da shigowar hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, amma kafin azahar ya kai 30 ko ya haura. Wannan tazara ita ce babbar matsalar mai fita daji: ya bar gida yana makyarkyata, hantsi na yi ya jiƙe da gumi.

Mafarautan dā sun dogara da taguwar saƙi mai kauri, da warki, da hula haɓar kada mai rufe kunnuwa. A yau yawancin kayan sanyi daga gwanjo suke fitowa, daga dilolin da ake kwancewa a Ƙofar Wambai ta Kano da kasuwar Funtuwa, sannan 'yan koli su yaɗa su a kasuwannin ƙauye irin ta Sheme. A cikin waɗannan diloli akan tsinci tsofaffin tufafin sojojin Turai da Amurka. A can ƙasashen, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ya ƙare a 1945, gwamnatoci ke sayar da rarar kayan soja, akwai ma shagunan da ba su da wata haja sai ita. Masu farauta suna son waɗannan tufafi saboda ƙarko, da yawan aljihu, da araha.

Sai dai kafin a kai ga ƙarko, akwai maganar doka da ta rai. Dokar Najeriya ta hana farar hula sanya kakin soja, rundunar soja kuma ta sha maimaita gargaɗi a kan tufafi masu dabbare-dabbaren launin daji. A wannan yanki gargaɗin yana da nauyi ƙwarai. 'Yan bindigar da ke fitowa daga dajin Rugu da dazuzzukan iyakar Zamfara da Birnin Gwari sukan yi shigar soja. A Faskari sojoji suka ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity a watan Yulin 2020, a Disambar shekarar aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sannan a Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Mutumin da aka hango a bakin daji da sassafe, da bindigar toka a kafaɗa da riga mai dabbare-dabbare, ba lalle ne a tsaya tambayarsa ko wane ne ba. Saboda haka duk rigar da ke da wannan zane, ko tuta, ko tambari, ko anini, a bar wa mai ita komai arharta. Abin da ake nema a kayan soja shi ne ingancin yadi da ɗinki, a tufa mai launi ɗaya da ba za a ɗauke ta kaki ba.

Barin zanen ba ya rage wa mafarauci komai. Gada da zomo ba sa rarrabe launuka kamar mutum. Motsi da ƙara da wari ne ke tona asirin mai bin su. Zabin daji da makwarwa sun fi su kaifin gani, amma su ma launin ƙasa-ƙasa ko na busasshiyar ciyawa ya wadatar, domin dajin rani ba kore ba ne. A Amurka ma, jihohi da dama sun wajabta wa masu farautar barewa sanya riga ko hula mai launin ruwan lemo mai haske don kada 'yan'uwansu su harbe su bisa kuskure. A farautar gayya, inda jama'a da karnuka ke bazuwa cikin sarƙaƙiya, abokin tafiya ya ga mutum ya fi masa amfani a kan ɓuya.

Abu na biyu shi ne nauyi. An ɗinka yawancin manyan rigunan sojan Turai ne don dusar ƙanƙara da ruwan sama, sanyin hunturu kuwa busasshe ne, kuma na 'yan sa'o'i. Ƙatuwar riga mai cushe da soso kan zama kaya da hantsi. Dabarar da sojojin da kansu ke bi ita ce hawa-hawa: riga marar nauyi a jiki, suwaita a tsakiya, jaket mai tare iska a waje, a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya yayin da rana ke ɗagawa. Jaket ɗin sojan Amurka samfurin M-65, wanda aka fara amfani da shi a 1965, a kan wannan tsari aka yi shi: yana da manyan aljihu huɗu da shafi na ciki da ake ɓallewa. Irin wannan ɗinki ake nema, amma a baƙi, ko ruwan ƙasa, ko ruwan toka.

Yadi ma abin lura ne. Ulu yana riƙe ɗumi ko da ya sha gumi, ba ya ƙara, kuma ba ya saurin kama wuta. Aibinsa ƙarangiya: suwaitar ulu da aka shiga ciyawa da ita a waje takan dawo cike da ƙaya, don haka a ƙarƙashin jaket ake sa ta. Auduga zalla tana shan gumi ta daɗe ba ta bushe ba, sai iska ta mayar da ita sanyi. Nailan kuwa yana da illa biyu, yana kwaramniya idan ya gogi ƙirare, kuma tartsatsi ɗaya daga wutar da ake jin ɗumi ya isa ya narkar da shi a kan fata. Yadin da aka haɗa auduga da zaren roba, mai saƙa a matse, shi ya fi dacewa da rigar waje da wando.

A gaban mai gwanjo, gwaji ba ya ɗaukar lokaci. A murza yadin kusa da kunne a ji ko yana ƙara. A ɗaga shi sama a kalli rana ta cikinsa, inda haske ya ratsa da yawa ya ci. A ja ɗinkin hammata da gwiwar hannu da tsakanin ƙafafu, a zuge zif sama da ƙasa, a zura hannu cikin kowane aljihu. Rigar ta zama da ɗan yalwa yadda za a iya ɗaga hannu da gora ko baka ba tare da ta ɗaure kafaɗa ba. Takalmin but kuma a gwada shi da safar da za a sa, a lanƙwasa tafinsa, domin tsohuwar roba kan tsage ko da samanta na sheƙi.

Kai da wuya da ƙafa su ne sukan fi shan wahala. Hular sanyi mai rufe kunne, da rawani ko ƙyalle da ake ja kan hanci saboda ƙura, da man kaɗanya ga dugadugi da leɓe, suna rage mura da faso. Kayan da aka saya a wanke su da sabulu marar ƙamshi a shanya su a rana kafin a sa, saboda warin maganin da ake fesa wa dila yana isa hancin dabba tun daga nesa. Kafin fita kuma, ƙa'ida ce a sanar da Sarkin Baka da mai unguwa da jami'an tsaron yankin inda aka nufa da yawan masu tafiya, a kuma kauce wa gandun da aka hana farauta a cikinsa, kamar Kamuku da ke Birnin Gwari.