Gubar Da Ke Ɓoye Cikin Buhun Masara Da Gyaɗa

Jama'a, mu da ke zaune a Bilbalogho, nan Wagadugu, mun saba ganin fatake sun zura hannu cikin buhu, sun ɗebo masara, sun ce tsabarta fes take. To amma akwai cutar da ido ba ya gani.

Masana sun tabbatar akwai wata irin funfuna mai suna Fusariyum wadda ke zaune a cikin jikin masara tun tana gona, alhali karan na nan kore shar. Ita ce ke fitar da gubar fumonisin, wadda masu bincike a Afirka ta Kudu suka gano a 1988. Akwai kuma 'yar'uwarta, Asfajilus, mai shiga gyaɗa da masara musamman in an yi fari, ta fitar da afulatoksin. Wannan guba hanta take ci, har ta kan kai ga ciwon daji. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. A 2004 mutane 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan cin irin wannan masara.

Ina ruwan ɗan kasuwa? Ai a hannunmu abin ke ƙaruwa. Hatsin da aka ɗura bai gama bushewa ba, aka jibge shi a ƙasan sito, ko ruwa ya duka motar a hanyar Sinkase ko Po, nan funfuna ke samun yadda take so. Mafi muni, idan an tsince gyaɗa mai kyau, sai a sayar wa masu ƙuli-ƙuli ruɓaɓɓiyar da araha, 'ya'yanmu kuma su saya su ci.

Akwai mafita. Tun 2017 aka amince da maganin Aflasafe BF01 a Burkina Faso, wanda cibiyar IITA ta Ibadan da INERA ta nan gida suka haɗa. Funfuna ce marar guba da ake shafa wa ƙwayar dawa, a watsa a gona kafin fure, ta danne mai gubar.

Namu aikin kuwa shi ne: a shanya kaya a kan tamfol har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, abin da ya ruɓe kuma a binne shi, kada a ba mutum ko kaji. Ribar da za ta kwantar da ɗan makwabci ba riba ba ce.

Allah Ya sa mu gyara, amin.