Haƙar Ma'adinai a Wasan Kwamfuta da a Dajin Zamfara

A wasan kwamfutar nan EVE Online, wanda ya fito a 2003, ɗan wasa yakan tuƙa jirginsa zuwa duwatsun da ke shawagi a sararin samaniya, ya auna su da wani haske mai farfasa dutse har rumbun jirgin ya cika. Daga nan sai tasha, inda ake tace ma'adinin a ƙera jirage. To, amma 'yan fashi na laɓe. Sukan tarwatsa jirgi su kwashe kaya, mai shi ya sayi wani.

Mutumin Isa ko Sabon Birni ba ya bukatar a fassara masa wannan. A Zamfara, maƙwabciyarsu, Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a 2019, tana danganta ramukan zinariya da 'yan bindiga. Sai a Disamban 2024 aka janye hanin.