Gargaɗin Da Manomi Bai Iya Karantawa Ba

A ƙarshen shekarar 1971 ne jiragen ruwa suka sauke dubban tan na irin alkama da sha'ir a tashar Basra ta ƙasar Iraƙi. An cuɗe irin da wani magani mai zaiba a ciki don kada ya ruɓe a ƙasa, aka rina shi da jan launi, aka kuma buga gargaɗi a jikin buhunan da Turanci da Sifaniyanci, har da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Abin da aka manta shi ne, manoman da aka raba wa irin Larabci suke ji.

Da yake irin ya iso a makare, bayan da yawa sun gama shuka, sai magidanta suka mai da shi abinci. Suka wanke, jan ya fita, suka zaci gubar ta tafi tare da shi. Waɗansu suka fara gwadawa a kan kaji, ba su ga kome ba, domin wannan guba takan yi makonni kafin ta bayyana. Aka niƙa, aka gasa gurasa. A farkon 1972 asibitoci suka cika da masu makanta da masu tangaɗi. Lissafin hukuma ya nuna an kwantar da mutum 6,530, kuma 459 suka rasu a asibiti.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Nijeriya ma galibin magungunan feshi da na dabbobi da Turanci ake rubuta bayaninsu, sa'an nan 'yan kasuwa sukan tsiyaya su cikin kwalaben da ba rubutu ko kaɗan.

Amma ko wanda bai yi boko ba yana iya gane zanen launin da ke gindin takardar maganin feshi. Ja guba ce mai tsananin gaske, ruwan ɗorawa na bi mata, sai shuɗi, sai kore mai ƙarancin haɗari. Takardar ce kuma ke faɗin kwanakin da za a jira kafin girbi, ko kafin a sha nonon saniyar da aka yi wa allura.

In tsautsayi ya auku, a tuɓe wa mutum tufafin da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai sai in takardar ta ce a yi. A garzaya asibiti tare da kwalbar, domin sunan da ke jikinta shi zai nuna wa likita makarin da ya dace.

Saboda haka ya kamata hukumar NAFDAC, wadda ke yi wa waɗannan magunguna rajista, ta tilasta a riƙa buga gargaɗin da harsunan da manoma ke ji. Su ma a Iraƙi an rubuta gargaɗi, sai dai ba da harshen masu cin gurasar ba.