Sayen tsohon jirgin kamun kifi: inda kuɗi ke shiga da inda suke salwanta

BAUCHI - Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, sabon injin jirgin ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin masunci, don haka hankalin masu neman shiga sana'ar su ya karkata ga jirage da injuna na hannu.

Garin Bauchi ba ya bakin babban kogi, amma jihar tana da ruwayen da ake su a cikinsu, kamar madatsar Gubi da ke shayar da garin, da tafkin Maladumba a ƙasar Misau, da kogin Jama'are. Madatsar Dadin Kowa ma a cikin jihar take kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. A irin waɗannan wurare ba kasafai ake sayen jirgi a shago ba, a bakin ruwa ake ciniki, sau da yawa da sanin sarkin ruwa.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, gangar jirgin ba ita ce ke cin jari ba. Injin da ake ratayawa a bayansa, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, yakan ninka kuɗin katakon, kuma a nan ne aka fi tafka asara. Ana so a tayar da injin da sanyinsa, domin wanda aka riga aka ɗumama kafin zuwan mai saye yana iya ɓoye cutarsa. Da ya tashi, sai a duba ko ruwan da ke sanyaya shi yana tsartuwa ta 'yar ƙaramar kafa. In ba ya fita, injin zai yi zafi ya ƙone. Har ila yau a kwance noti a ga man giyar da ke kusa da farfela. Idan ya yi fari kamar madara, to ruwa yana shiga, gyara kuwa yana jiran mai saye. Injunan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai sun fi sauƙin gyara, amma sun fi shan mai, abin da a yanzu ba ƙaramin lissafi ba ne.

Gangar kuwa, sabon fenti ko sabuwar kwalta ba shaidar lafiya ba ne, wani lokaci ma akasin haka suke nunawa. A fito da jirgin tudu a kifa shi, a riƙa soka tsinin wuƙa a mahaɗar alluna da kewayen ƙusoshi. Inda wuƙa ta nutse, katako ya ruɓe. A fi mai da hankali ga allon baya, wanda ke ɗauke da nauyin inji da girgizarsa. Sa'an nan a mai da shi ruwa da kaya a ciki ya kwana, da safe a ga abin da ya tara.

Bayan saye akwai sauran kashe kuɗi: filafili, da igiya da anga, da abin kwarfar ruwa, da fitila, da fulogi da farfela na ko-ta-kwana, domin kututturan itatuwan da ruwan madatsa ya shanye sukan karya farfela ba zato. Rigar ceto ita ce aka fi yi wa rowa, alhali haɗarin jirgin da ya ci rayuka fiye da 100 a Pategi ta Jihar Kwara a watan Yuni na 2023 ya nuna abin da rashinta ke jawowa.

Wanda zai yi nutso da mashi yana da ƙarin bukata. Nutso da tulun iska, irin na tekun Bahar Maliya, yana son ruwa garau, ruwayen nan kuwa laka ta yi musu yawa, musamman da damina, saboda haka a nan numfashi ake riƙewa. Irin wannan masunci yana bukatar jirgi mai faɗi wanda ba ya kifewa idan an kama gefensa za a hau, da tsanin igiya, da wurin ɗaure mashi. Dole kuma a bar mutum ɗaya a cikin jirgi, a kashe inji muddin akwai wani a cikin ruwa.