Shekaru Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Me Ke Dawo da Kwaɗayin Zaƙi, Me Ke Tsayar da Sikeli?

Duk wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ya san daɗin shekarar farko. Tufafi su yi wa mutum yawa, gwiwa ta daina ciwo, hawan jini ya sauka, wani ma likita ya rage masa maganin ciwon sukari. Labarin da ba a cika bayarwa ba shi ne na shekara ta uku zuwa ta biyar, lokacin da sikeli zai tsaya cak ko ya fara hawa, zaƙin da aka manta da shi kuma ya dawo yana damun mutum da la'asar da tsakar dare. Ina cikin waɗanda aka yi wa wannan aiki shekarun baya, a ƙasar waje, kamar da yawa daga mutanenmu masu zuwa Indiya, Masar ko Turkiyya. Na ga wannan hali a jikina, na kuma gan shi a jikin wasu.

Abin da ya fi ciwo shi ne bakin mutane. A gidan biki wata za ta dube ki ta ce, "Hajiya, ba an yanke miki ciki ba? Ya na ga kin fara komawa?" A gida kuma a bi ki da "kwaɗayi mabuɗin wahala." Kunyar irin wannan magana ce ke sa mutum ya ɓoye damuwarsa, ya ƙi komawa asibiti. Alhali abin yana da dalili a cikin jiki, kuma yana da magani.

Abin da aka yi wa cikin

Aiki iri biyu ne suka fi yawa a yau. Na farko shi ne silib, inda ake yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn sashe. Na biyu shi ne baifas, wanda likita Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara a shekarun 1960. A nan ana ware 'yar jaka a saman tumbi, wadda ba ta fi girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Irinsa aka yi mini.

Amfanin aikin bai tsaya ga rage wurin zuba abinci ba, yana sauya sinadaran da ke kai saƙon yunwa da ƙoshi ga ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikinsu, girelin mai kai saƙon yunwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999, yawancinsa daga saman tumbi yake fitowa, sashen da ake cirewa a aikin silib. Shi ya sa a watannin farko sai mutum ya wuni bai tuna da abinci ba. Amma jiki ba ya son rasa kitsen da ya saba da shi. A hankali yunwa takan dawo, cikin ya ɗan saki ya karɓi abin da ya fi na da, ga shi jikin da ya rage nauyi ba ya buƙatar abinci kamar da, musamman idan tsoka ta zube tare da kitse.

Wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987 ya bi dubban mutane shekara da shekaru. Waɗanda aka yi wa baifas sun rage kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara 10 kuma abin ya tsaya a kusan kashi 25. Wato mai kilo 130 zai iya sauka zuwa 88, daga baya ya zauna a wajen 97. Wannan ba lalacewar aiki ba ce, haka aka saba gani. Abin dubawa shi ne hawan da ya ƙi tsayawa.

Yadda zaƙi ke kiran zaƙi

Ga abin da na so a ce kowa ya sani kafin ya bar asibiti. Bayan aikin, musamman baifas, abu mai zaƙi ba ya jinkiri a ciki. Kofin kunun zaƙi ko lemon kwalba nan take yake faɗawa hanji, sukari ya cika jini, jiki ya saki insulin fiye da kima. Bayan awa ɗaya zuwa uku sai sukarin jini ya faɗi ƙasa. Daga nan sai zufa, rawar hannu, bugun zuciya, jiri, da wata irin yunwa da babu abin da take so sai zaƙi. Mutum ya ɗauki alawa ya ji sauƙi, bayan awa biyu a koma gidan jiya. Wannan matsala sau da yawa ba ta bayyana sai an shekara ko fiye da yin aikin, shi ya sa mutane ba sa danganta ta da shi.

Ni da ƙarfe huɗu na yamma abin yake kama ni, bayan shinkafar rana da zoɓo. Likita ta sa na sayi na'urar gwada sukari irin ta masu ciwon sukari, in riƙa gwadawa a daidai lokacin da rawar ta zo, in rubuta abin da na ci kafin nan. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, sukari ya yi ƙasa. A wannan lokacin dole a ɗan sha abu mai zaƙi kaɗan don ya tashi, a bi shi da ƙwai ko gyaɗa, sannan a kai wa likita takardar.

Gyaran kwano

Babbar doka ita ce a fara da furotin. Ana son wanda aka yi wa aikin ya samu aƙalla giram 60 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, dafaffen naman kaza giram 100 kuma kusan 30. Muna da alala, ɗanwake, awara, kifi, kindirmo marar sukari, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. Nakan fara da nama ko wake, in bi da ganye, tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe, loma biyu ko uku. Tun da na juya tsarin haka, rawar la'asar ta yi sauƙi ƙwarai.

Na biyu, a lura da abin sha, don ta nan sukari ya fi shiga ba a sani ba. Lemon kwalba guda yana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma in ya tsaya a rabin haka ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse suna cikin wannan lissafi. Shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, fura da aka cika wa sukari, kunun aya, duk ƙaramin ciki ba ya tare su.

Na uku, a bar ciye-ciyen wuni. Cincin, biskit da fanke suna narkewa su wuce, ba sa ƙosarwa. Gara abinci uku ƙanana da ƙari ɗaya ko biyu a kan lokaci. Kada a sha ruwa a kan abinci, a jira kamar rabin awa, don ruwa yana kora abincin, yunwa ta dawo da wuri.

Sai barci da motsa jiki. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa da son zaƙi washegari. Tafiya a ƙasa tana da kyau, amma a haɗa da abin da zai gina tsoka sau biyu a mako, ko da tashi da zama ne a kan kujera da ɗaga galan ɗin ruwa.

Azumi da biki su ne manyan jarrabawa. A buɗa baki da ruwa da dabino ɗaya, a yi sallah, sannan a ci abu mai furotin a hankali, kunu ya zama kaɗan kuma ba sukari. Wanda sukarinsa ke faɗuwa ya ga likita kafin watan ya kama. A gidan biki kuwa, idan aka miƙo alkaki da nakiya aka ce, "Anti, ɗan taɓa mana," nakan karɓa in yi godiya in ce zan tafi da shi gida. Ba a ɓata wa kowa ba.

A koma wurin likita

Mutanenmu da yawa an yi musu aikin a waje, sun dawo, babu mai bibiyarsu. Wannan haɗari ne. Ana buƙatar gwajin jini duk shekara, a duba sinadarin ƙarfe, bitamin B12, bitamin D da kalsiyam, kuma shan ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa ne. Ƙarancinsu yana kawo kasala, mai kasala kuwa zaƙi yake nema. A kuma nuna wa likita duk maganin da ake sha, don wasu, irin su dexamethasone da wasu magungunan damuwa, suna ƙara ƙiba. Idan nauyi ya ci gaba da hawa, ana iya leƙa cikin da na'ura a ga ko jakar ta buɗe. Akwai magunguna irin su semaglutide da liraglutide da likitoci ke rubutawa bayan tiyata, da acarbose don faɗuwar sukari. Wanda baƙin ciki ko kaɗaici ke tura shi ga zaƙi ya faɗa a fili, shi ma ana taimaka masa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a intanet kuwa a nisance shi, yawanci zawo yake sawa, ya ƙara zubar da sinadaran da jiki ke nema.

Ƙiba cuta ce mai daɗewa, tiyata kuma mataki ɗaya ce a cikin jinyarta. 'Yan uwa, ku rage gori, ku taimaka da abin da kuke zubawa a kwano. Ke kuma da sikelinki ya tsaya, da kai da zaƙi ya hana ka sakat, ku rubuta abin da kuke ci na mako guda, ku nemi likita ko masanin abinci a asibitin koyarwa mafi kusa, ku kai masa. Allah Ya ƙara mana lafiya.