Zafin Bazara Da Ɗakunan Manyan Kwamfutoci A Dutse

Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Jihar Jigawa ta yi suna a harkar kwamfuta, musamman da aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse. Daga baya kuma aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. A yau lissafin albashi da sakamakon jarrabawa da sauran bayanan hukuma duk sun koma cikin manyan kwamfutocin nan da ake kira saba, waɗanda ake jerawa hawa-hawa cikin dogayen kantocin ƙarfe.

To, amma waɗannan injuna suna da babban abokin gaba, shi ne zafi. Kusan duk wutar lantarkin da saba ta sha, zafi take komawa. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE da ke Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga cikinsu ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. A Dutse kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe matatar iska. Idan zafi ya yi yawa, injin yakan rage gudu, ko ya kashe kansa, wani lokacin ma har ya lalace da bayanan jama'a a ciki.

Saboda haka ne ake biyan kuɗin wuta sau biyu: na gudanar da injin, da na iyakwandishan mai fitar da zafinsa. A 2007 ƙungiyar Green Grid ta fito da wani ma'auni mai suna PUE. Alal misali, idan injuna suna shan kilowat 10, ɗakin gaba ɗaya kuma yana shan kilowat 16, ma'aunin ya zama 1.6. Ragowar kilowat 6 ɗin nan, sanyaya ɗaki da asara ne suka cinye. A inda ake dogara da janareto da man gas, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Jama'a ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Abin lura shi ne, maganin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Saba tana shaƙar iska ta gaba, ta fitar ta baya. Don haka sai a jera kantoci gaba na duban gaba, baya na duban baya, yadda iska mai zafi ba za ta gauraya da mai sanyi ba. A toshe guraben da babu inji da faranti, a kimtsa wayoyi, a riƙa wanke matata, a kashe tsofaffin injunan da ba sa aiki, a haɗa ayyukansu cikin inji guda.

Lalle ya kamata shugabannin ma'aikatu da makarantu su nemi a riƙa auna zafin waɗannan ɗakuna da wutar da suke sha, kafin a rubuta takardar sayen sabon iyakwandishan. Kuɗin da aka tsimi a nan, na talakawan jiha ne.